Kawuna yana zuba ƙwayar asibiti a maganin gargajiya, kuma ni ne mai niƙawa

Assalamu alaikum Hajiya. Ya gida, ya ɗawainiya da mu? Allah ya saka da alheri.

Ni saurayi ne ɗan shekara 23. Mahaifina ya rasu ina aji uku na firamare, tun daga nan yayan mahaifiyata ya ɗauke ni. Shi ne cina, shi ne suturata, yanzu ma shi yake biya mini kuɗin kwalejin kiwon lafiya. Kawu yana da shagon maganin gargajiya da na Musulunci, akwai zuma, habbatus sauda, man zaitun, sassaƙe da saiwoyi. Amma abin da ya fi kawo ciniki shi ne garin maganin sanyin ƙashi da muke ƙullawa a leda. Tsofaffi har daga ƙauye suke zuwa suna sa masa albarka, wai ƙulli ɗaya a kunu gwiwa ta saki.

Shekara biyu ke nan ni nake niƙa wasu ƙwayoyi da dare ina cakuɗawa da garin hano da citta. Kawu ya ce mini abin ƙarfafa magani ne. Da muka fara darasin magunguna a makaranta na duba kwalayen, ashe dexamethasone ne da diclofenac. A jikin ledar kuwa an rubuta "ganye zalla".

Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce in kama bakina, kowa haka yake yi, likita ma su yake rubutawa, kuma wa na taɓa gani ya mutu? Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta fi wata takwas tana sha kullum. Fuskarta ta cika, 'ya'yanta suna murna wai ta murmure. Makon jiya ta ce mini ƙishirwa ta dame ta, fitsari ya hana ta barci, ga zafin ciki. Hajiya, ni ma barcin ya gagare ni. In na tona, na ci amanar wanda ya riƙe ni, karatuna kuma ya tsaya. Ko in riƙa barin ƙwayar ba na zubawa, ba tare da ya sani ba?

Ɗanki, daga Kano.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya yi maka albarka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ba ta jiran gobe.

Kada ka janye ƙwayar a ɓoye. Na san da kyakkyawar niyya ka yi wannan tunanin, amma zai iya kwantar da tsohuwar nan fiye da yadda garin ya kwantar da ita. A saman kowace ƙoda Allah ya ɗora wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe wa mutum bugun jininsa da ƙarfinsa, musamman lokacin zazzaɓi ko wata wahala. Dexamethasone ɗan'uwan wannan sinadarin ne, ya ma fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan mutum ya daɗe yana sha, abin ya wuce kamar mako uku, sai waɗannan 'yan tsokar su ga ana kawo musu daga waje, su ajiye aiki, kamar manomin da ya saba da hatsin tallafi har fartanyarsa ta yi tsatsa. Ranar da aka yanke kwatsam, jiki ba shi da nasa, ba shi da na aro. Sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi, mutum ya sume, wani lokacin a rasa shi. Shi ya sa likita ba ya tsayar da irin wannan magani rana ɗaya, ragewa yake yi kaɗan-kaɗan yana duba mai shi. Wata takwas ba wasa ba ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk wanda ya mai da ƙullin nan abin sha kullum yana cikin wannan hali.

Abin da ka faɗa game da ita ya tayar mini da hankali. Cikar fuskar nan ba murmurewa ba ce, ita ce dai fuskar 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe, don ƙwayar ɗaya ce. Ƙishirwa da yawan fitsarin dare alama ce ta suga ya hau, kuma dexamethasone sananne ne wajen tayar da suga da hawan jini, da cinye ƙashi a hankali, ƙashin da aka zo nema wa magani. Zafin cikin kuwa aikin diclofenac ne, yana goge bangon ciki har ya zama gyambo, kuma in ya haɗu da dexamethasone haɗarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Gobe da safe ka sami babban ɗanta ko babbar 'yarta. Ka rubuta sunayen magungunan nan biyu a takarda, da tsawon lokacin da ta yi tana sha, ku ɗauki ƙulli ɗaya ku tafi asibiti. A gwada suga, a gwada jini, a duba ƙoda, likita ya tsara yadda za a sauke ta. In kafin nan ta yi bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko fitsarin ya ragu ƙafa ta kumbura, ba a kwana da wannan a gida.

Ka ga ke nan maganar za ta kai kunnen Kawu, ko ka so ko ka ƙi. To ka riga ta isa. Yau da dare ka same shi.

Kafin in gaya maka yadda za ka shiga wurinsa, bari mu duba hujjojinsa uku, domin in ba ka warware su a ranka ba, da ya ɗaga murya za ka koma ka ɗauki turmi.

Ya ce likita ma su yake rubutawa. Gaskiya ne, magunguna ne masu amfani, dexamethasone ya ceci rayuka da yawa a asibiti. Amma kafin likita ya rubuta sai ya tambaya: kana da olsa? Kana da suga? Yaya ƙodarka? Kina da juna biyu? Sannan ya ƙayyade adadi, ya ƙayyade kwanaki. Ku kuwa da hannu kuke cakuɗawa a roba, wani ƙullin ya sami kaɗan, wani ya kwashi na mutum uku, ba ku sani ba balle mai sha. Mafi muni shi ne ɓoyewar. Wanda ya san yana shan diclofenac ba zai je kemis ya ƙara feldin ko ibuprofen a kai ba. Wadda aka ce mata ganye zalla ne za ta ƙara, hankalinta kwance, ƙoda ta ɗauki duka biyun. Mai ciwon suga zai je asibiti likita ya ga awo ya hau, ya tambaye shi me yake sha, ya rantse ba komai sai ɗan garin gargajiya, likita ya yi ta ƙara magani yana faɗa da abin da ba ya gani. Rubutun nan na jikin leda ya raba mutum da damar kare kansa.

Mu Kanawa mun san zafin a ba mutum magani ba a gaya masa ko mene ne ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Abin da iyaye suka riƙe suka yi ta shari'a a kansa shekara da shekaru shi ne ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa har yau wasu suke gudun asibiti, ga tsada, ga dogon layi, ga tsawar ma'aikata. Sai su zo wurin irin su Kawu, don nasu ne, yana jin yarensu, suna sallah sahu ɗaya. Wanda ya gudo wurinka saboda ya yarda da kai, ka ɗura masa abin da ya guda a ɓoye, cin amanar ya ninka.

Ya ce wa ka gani ya mutu. Ɗana, wanda ƙodarsa ta tsaya ba a ƙofar shago yake faɗuwa ba. A gadon asibiti yake ƙarewa bayan wata da watanni, ana wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu, iyali su sayar da gona su sayar da fili. In ya cika a ce ajali, a yi addu'ar uku, ba wanda zai tuna da ƙullin leda. Rashin dawowar mai ƙorafi ba shaidar lafiya ba ne.

Ya ce kowa haka yake yi. A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma abin baƙin ciki ne. An sha kama maganin ƙarfin maza da ake cewa na itatuwa ne alhali sildenafil aka niƙa a ciki, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yana iya kayar da jini har lahira. Ana zuba sukari a zuma, ana ɗura jiƙo a tsofaffin robobin da aka tsinto. Amma "kowa" ɗin nan ƙarya ce. Kakata 'yar mai ganye ce, a gabanta na tashi ina tsinkar mata sabara da tafasa. Ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma na sha jin ta tana ce wa mace, "Wannan ba nawa ba ne, ɗauki yaron nan ku tafi asibiti yanzu," ta mayar mata da kuɗinta. In ta ba ka jiƙo za ta gaya maka sunan icen, ta nuna maka iya kofin da za ka sha, ta ce in ka kwana uku ba sauƙi ka dawo. Mai ciki kuwa akwai abubuwan da ko za ta yi kuka ba za ta ba ta ba. Haka maɗoran kirki suke, in sun ga ƙashi ya fasa fata sun san ba nasu ba ne. Sana'ar nan tana da ladabinta tun kafin a kafa wata hukuma, kuma masu irin aikin Kawu su ne suke zubar da mutuncin masu riƙe da shi.

Tunda shagon yana ɗauke da sunan Musulunci, to a auna shi da ma'aunin Musulunci. Ka san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hatsi ke nan, wanda iyakarsa asarar kuɗi. Akwai kuma hadisin da ya ce duk wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, to shi ke da alhakin abin da ya faru. Kawu zai iya zama gwani a kan hano da marke, ban musa ba, amma ba shi da ilimin dexamethasone. Kai kuma da ka sani yanzu, hukuncinka ya bambanta da na shekara biyun da ka yi cikin duhu. Na baya ka nemi gafarar Allah, ba da saninka ba ne. Daga daren yau hannunka ya fita daga turmin nan, ko me za a yi.

Ta fuskar doka ma ba shi da mafaka. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, ita ke da hurumin duk maganin gargajiyar da aka ƙulla ko aka ɗura don sayarwa. Lambar da take bai wa irin waɗannan a matakin farko tana ƙarewa da harafin L, tana aiki shekara biyu, kuma ma'anarta an gwada an ga ba guba ba ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta wa a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mutane da yawa ba su san wannan ba, da sun ga lamba sai su ɗauka gwamnati ta ce yana magani. Cakuɗa ƙwayar asibiti a ciki a ɓoye kuwa gurɓata magani ne, laifin da ke kai mutum kotu. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa ta kuma hana tallata wa jama'a cewa wani abu yana warkar da cututtuka irin su suga, hawan jini, daji da ciwon ƙoda, duk da cewa lasifikan tasha ba su fasa ba. In aka zo kama mutane a shagon nan, da mai shago da mai niƙa za a tafi, kuma ɗalibin kiwon lafiya ba zai iya cewa bai san abin da ke kwalin ba.

Yanzu ga yadda za ka shiga. Ba a shago ba, ba gaban matansa ko yaransa ba. Bayan isha'i, in ya ci abinci ya natsu, ka yi sallama ka durƙusa kamar yadda ka saba. Ka fara da abin da yake gaskiya: shi ne ubanka tun kana aji uku, ba ka da abin biyansa. Ka ce masa ilimin da ya biya maka da guminsa shi ne ya nuna maka wannan haɗarin, kuma kana jin tsoron ranar da za a tsayar da ku biyu gaban Allah a kan ran tsohuwar nan. Kada ka kira shi macuci ko maha'inci. Mai yiwuwa ne wani ne ya koya masa a kasuwa, ya ga tsofaffi suna miƙewa suna godiya, ya ɗauka taimako yake yi. Ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Amma abu biyu za ka faɗa a fili, ba da sigar neman izini ba: ba za ka sake niƙawa ba, kuma gobe za ka raka Iya, tsohuwar nan, asibiti.

Zai yi fushi. Zai iya cewa ka yi boko ka raina shi, ko ya yi maka gorin riƙo. Ka sunkuyar da kai ka shanye, kada ka mayar, kada kuma ka janye. In ya ƙi sauraro, mahaifiyarka ce ta gaba. Ƙanwarsa ce, akwai maganar da za ta gaya masa a ɗaki wadda kai ba ka isa ba, kuma bai kamata ta fara jin wannan a bakin maƙwabta ba. In ita ma ta gaza, ku nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin unguwa ko wani dattijo cikin shugabannin masu maganin gargajiya, don su ma sunansu ne ke ɓaci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa nake son ka bi duk waɗannan ƙofofin.

Sai dai ka sa wa abin wa'adi, kuma gajere, mako biyu ya isa. Kullum aka buɗe shagon nan sabon mutum yake shiga tarkon. In wa'adin ya cika ana nan ana ƙullawa, ka je ofishin NAFDAC na jiha da ƙulli a hannunka ka faɗi abin da ka sani. Na san nauyin wannan jimlar, ban rubuta ta da sauƙi ba. Za a ce ka tona asirin gida. Amma an umarce mu da taimakon ɗan'uwa ko shi ne mai zalunci, kuma da aka tambayi Manzon Allah (SAW) yaya ake taimakon mai zalunci, cewa ya yi a hana shi zaluncin. Riƙon da ya yi maka bashi ne a wuyanka har abada, za ka biya da biyayya da hidima da kula da shi in ya tsufa. Ba za ka biya da ƙodar mutane ba, don ba taka ba ce.

Karatunka zai iya tangarɗa, ba zan ɓoye maka ba. Tun yanzu ka fara lissafi: nawa ya rage ka gama, wa ke cikin dangin mahaifinka da za a iya tunkara, wane aiki za ka iya yi da yamma. In ta kama ka ɗage zango ɗaya, ka ɗage. Wanda zai riƙe lafiyar jama'a gobe, gara ya gama a makare da ya gama da wannan a hannunsa.

In kuma Allah ya sa Kawu ya sauko, kuma ina kyautata masa zato, to kada ka bar shi da hannu biyu a sake, don tsoronsa na gaskiya shi ne ciniki. Aiki na farko shi ne masu sha kullum. Ku rubuta sunayen duk waɗanda kuka sani, a kira su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu abin da ke cikin garin, a tura su asibiti da takarda. Wannan ya fi komai ɗaci, ya kuma fi komai muhimmanci. Bayan nan sai gyaran shago, kuma nan ne karatunka zai yi masa rana. Kowane ƙulli a rubuta abin da ke ciki da sunan da mutane suka sani, da ranar haɗawa, da iya adadin da za a sha. A shanya sassaƙe a kan abu mai tsabta, a ajiye inda danshi ba ya kai wa, don fumfunar da ke kama kayan da suka jiƙa tana fitar da dafin da ke lalata hanta. A daina tsofaffin robobi. A ajiye littafi da na'urar awon jini. Duk wanda ya zo a tambaye shi me yake sha na asibiti, kuma kada a taɓa ce wa mai suga ko hawan jini ya ajiye maganinsa. Garin hano da citta shi kaɗai ba zai saki gwiwa a dare ɗaya ba, sai a gaya wa mutane hakan, a haɗa musu da shawarar gashi da ruwan ɗumi da ɗan motsa jiki. Wasu za su gudu wurin mai haɗi, wasu za su zauna.

In yana ganin yana da haɗin da ya gada wanda ke aiki da gaske, akwai hanyar da ake bi. Niprisan, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, daga hannun mai maganin gargajiya ya fito. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja ce ta karɓa ta gwada a shekarun 1990, kuma abin da ke ciki ba baƙo ba ne a wurinmu: masoro, kanumfari, karan dafi da wani ice dangin maɗobiya. Mai shi bai niƙa komai da dare ba, ya kai abinsa an auna a fili.

Yau dai ka rubuta sunayen magungunan nan biyu a takarda kafin ka shiga wurin Kawu, ka sa a aljihu tare da ƙulli ɗaya, don kada da safe ka tarar an kwashe. Ka gaya wa 'ya'yan Iya kada ta daina sha da kanta kafin likita ya gan ta. In kun dawo daga asibiti ka sake rubuto mini, ina son in ji abin da awon ƙodarta ya nuna.